Tocker's Trials: Me Ya Sa Rayukana Uku Ke Ƙarewa Tun Ban Yi Nisa Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga Teamfight Tactics, gem ɗin da ake sayen jarumai a jera su su yi faɗa da kansu, a waya, kuma a wasan da aka saba na mutum takwas nakan ɗan taɓuka, wani lokacin har na shiga huɗun farko. Amma duk sanda aka buɗe Tocker's Trials sai abin ya gagare ni. Zagayen farko-farko nakan wuce kamar wasa, da na kai wajen na 15 sai a cinye min rayuka uku a jere. Zinarena kullum a juya shago yake ƙarewa, wato biyan kuɗi a sauya jaruman da ke kan sayarwa, don neman jarumi mai tauraro uku, kayan yaƙi kuma nakan ajiye su sai na samu wanda ya dace. Ina ne kuskurena? Ina so in gama shi kafin a rufe.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ka faɗi ciwon da bakinka: aljihu da kayan yaƙi. Amma bari mu fara da abin da ya sa wannan fage ya bambanta da wanda ka saba, domin daga nan komai ya taso.

Riot Games, kamfanin da ya yi gem ɗin, sun fito da Tocker's Trials a ƙarshen Agustan 2024, lokacin zubin jarumai mai suna Magic n' Mayhem, ya yi kusan mako huɗu aka rufe, daga baya ya riƙa dawowa. Shi ne karon farko da suka yi fagen da kai kaɗai za ka kara da kwamfuta tun fitowar gem ɗin a 2019. Zagaye 30 ne, bos shida, wato manyan abokan gaba, rai uku, babu agogon da ke korar ka. Wanda ya gama mai sauƙin sai a buɗe masa Chaos, wato mai zafin.

To ka lura da maganar rai uku. A wasan mutum takwas kana da jini 100, kuma jinin nan kamar kuɗi ne: gwanaye kan bari a yi ta cin su da gangan a farkon wasa don su tara zinaren jerin faɗuwa, su rama daga baya. A nan wannan dabara ta mutu murus. Faɗuwa ɗaya kashi ɗaya cikin uku ne na duk abin da ka mallaka. Sai kuma gefe na biyu, wanda ya fi daɗi: babu mutum bakwai da ke wawashe jaruman da kake nema a shago, babu kuma mai leƙen filinka ya sauya tsari don ya karya ka. Abokin karawarka a tsaye yake yana jiran ka, ba ya gaggawa.

Yanzu aljihu, kuma a nan zan daɗe.

Dokar gem ɗin ita ce, kowane zinare 10 da ka riƙe har zagaye ya ƙare yana jawo maka ribar zinare 1, har zuwa 5 idan kana da 50. Abin da ya haura 50 ba ya ƙara komai. A tsarin da aka saba, albashin zagaye 5 ne. Ka ga kenan mai riƙe da 50 yana karɓar 10, kai da ka share aljihu kana karɓar 5. A zagaye goma ya fi ka da zinare 50. Juya shago sau ɗaya zinare 2 ne, wato ya samu juyi 25 a bagas, jarinsa kuma na nan bai taɓa shi ba. Kai kuwa ka cinye irin shuka tun damina ba ta faɗi ba.

Zagayen farkon nan da ka ce kana wuce su kamar wasa, su ne lokacin tari. Tunda ana cin su da ƙaramar runduna, me zai sa ka zuba zinare 20 a kansu? Ka sayi abin da shago ya kawo maka da kansa, musamman idan ka ga biyu iri ɗaya, domin uku ne ke haɗuwa su zama tauraro biyu. Kada ka danna juyi. Kafin ka fara kowane faɗa ka kalli aljihu: idan 38 ne, kuma akwai wani ɗan zinare 2, wato jarumin da ake saya zinare 2, zaune a bencin ajiya ba ya tsinana komai, sayar da shi ka cika 40. Jarumi mai tauraro ɗaya kuɗinsa cif ake mayar maka, babu asara. Ƙananan abubuwa ne, amma da su ake isa 50 da wuri.

Idan ka kai 50, abin da ya hau kai shi za ka riƙa kashewa. Tambayar ita ce a kan me. Hanya biyu ce, kuma sai ka zaɓi ɗaya, don mai bin biyu yakan tashi a tutar babu.

Ta farko ita ce hawa mataki. Zinare 4 na sayen maki 4 na ƙwarewa, kuma matakinka shi ne yawan jaruman da za ka iya jerawa a fili. Bayan haka, mataki ne ke sauya irin kayan da shago ke fitarwa: 'yan zinare 4 sai a mataki na 8 suke fitowa sosai, 'yan zinare 5 kuma daga na 9 zuwa na 10. Ta biyu ita ce wadda kake yi, neman tauraro uku, sai dai kana yin ta ba bisa ƙa'ida ba. Tauraro uku kwafi tara ne na jarumi ɗaya, kuma kowane farashi da matakin da ya fi dacewa a neme shi: 'yan zinare 1 a wajen mataki na 5, 'yan 2 a na 6, 'yan 3 a na 7. Wanda ke neman ɗan zinare 3 alhali yana mataki na 5, ko ɗan zinare 1 bayan ya kai na 8, ruwa yake zubawa a rariya. Ka tsaya a matakin da ya dace, ka riƙa juyawa da rarar da ke saman 50 kawai, zagaye bayan zagaye. Kuma kada ka ɗauki wannan hanya sai gem ɗin ya nuna maka ita da kansa, misali ka wayi gari da kwafi biyar ko shida ba tare da ka wahala ba.

Ni dai a zagaye 30 na fi karkata ga hawa mataki. Tafiyar doguwa ce, rundunonin ƙarshe masu nauyi ne, kuma ɗan zinare 4 mai tauraro biyu da kaya uku a jikinsa ya fi sauƙin samu a kan tauraro ukun da ake ta mafarki.

Akwai lokacin da ake fasa asusu, kada ka ce na ce a rungume 50 har kabari. Bos shida cikin zagaye 30, a lissafi bos ɗaya kenan cikin kowane biyar. Idan faɗan da ya gabata da ƙyar ka sha, jarumi ɗaya ko biyu suka rage a tsaye, wannan gargaɗi ne. Sauka zuwa 30 ko 20, ka mayar da 'yan gabanka tauraro biyu kafin ka shiga wurin bos. Idan kuma rai ɗaya ya rage maka, to riba ba ta da sauran amfani, zuba duka.

Sai kayan yaƙi. Ɗabi'ar nan ta ajiye gutsattsari a gefe ana jiran kayan da aka gani a bidiyon gwanaye ta kashe mutane da yawa. Gutsure biyu ke haɗa cikakken kaya ɗaya, kowane jarumi kuma uku yake ɗauka. Gutsure huɗu a ajiye cikakkun kaya biyu ne da ba sa yi maka faɗa. Haɗa abin da ke hannunka. Chain Vest da Giant's Belt su ba ka Sunfire Cape, mai ƙona abokan gaba yana kuma rage musu warkewa. Chain Vest da Negatron Cloak su ba ka Gargoyle Stoneplate, wanda ke ƙara tauri gwargwadon yawan masu dukan mai sanye da shi. Recurve Bow da Needlessly Large Rod su ba ka Guinsoo's Rageblade, wanda saurin bugunsa ke ta hauhawa muddin faɗa na tafiya, shi ya sa yake son dogon faɗa irin na bos. Idan ka ga maharbinka na ta harbi amma jinin ƙaton gabansu ba ya motsi, sulke ne ya yi masa yawa: Last Whisper, wato Recurve Bow da Sparring Gloves, shi ke fasa shi.

Tsoron da ke sa mutane ajiya shi ne kada kaya su maƙale a jikin wanda ba za a tafi da shi ƙarshe ba. Ba sa maƙalewa. Ka sayar da jarumi, kayansa su dawo maka. Don haka ka ɗora wa wani mai araha ya riƙe maka amana, ranar da babban ya fito ka sayar da ɗan riƙon ka mayar wa mai su. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne rabo: mutum ɗaya a gaba ya sha kayan tauri uku, mutum ɗaya a baya ya sha kayan ɓarna uku. Rarraba su ɗaya-ɗaya ga mutum shida adalci ne da ba ya cin faɗa.

Maganar haɗin dangi, wato ƙarin ƙarfin da ake samu idan an jera jarumai 'yan rukuni ɗaya, ba zan ja ta ba, tunda kowane zubi da nasa jaruman. Ka dai tabbata kana da dangi ɗaya na masu tsayuwa a gaba da ɗaya da ke ƙarfafa mai kashe maka. Kada ka cusa rarrauna mai tauraro ɗaya don kawai wata alama ta kunnu a gefen allo.

Abin da ya fi ba ni mamaki da masu buga wannan fage shi ne gaggawa. An cire agogo, amma hannu ya saba, sai ka ga mutum ya danna fara faɗa cikin daƙiƙa goma. Tsaya ka taɓa jaruman da ke gabanka ɗaya bayan ɗaya, ka karanta abin da kowanne ke yi da kayan da ke jikinsa. Filinka layi huɗu ne, kowanne gida bakwai, kuma galibin jarumai wanda ya fi kusa da su suke fara duka. Saboda haka mai taurinka ya tsaya daidai inda ƙarfinsu yake, maharbinka kuma a layin baya, can kusurwar da ta fi nisa da mai ɓarnarsu. Idan suna da mai jefa abin da ke cin fili, kada ka cure mutanenka wuri ɗaya, ware su. Idan suna da mai tsallakowa baya, ajiye wani mai ɗan tauri kusa da maharbin ya tare masa.

Idan aka ci ka, kada ka sake shiga da tsarin da aka ci ka da shi, wanda na tabbata shi ne ya sa rayukanka ke tafiya a jere. Ka tuna wa ya fara faɗuwa. In na gaba ne ya narke cikin daƙiƙa kaɗan, tauri ya yi kaɗan, can za ka kai zinare. In na gaba ya daɗe a tsaye amma ba a kashe kowa ba, ɓarna ce ta gaza. In kuwa maharbin ne ya riga kowa mutuwa, wannan ko sisi ba sai ka kashe ba, matsar da shi ɗaya kusurwar ka sake gwadawa.