Silif ɗin injin jirgin ruwa ya cinye alhali akwai mai: a ƙara man ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni bakanike ne a Sharada, nan Kano, manyan janaretocin kamfanoni nake gyarawa. Ƙanena yana aiki a ɗakin inji na wani jirgin ruwan dakon kaya da ke zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Ya ce sun buɗe silinda ɗaya sun tarar silif, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, ya cinye tun lokacinsa bai yi ba, ogansu ya ce matsalar mai ce. Ni dai a sanina, in akwai baƙin mai kuma famfo na turawa, silif ba ya saurin cinyewa. Me zai hana su ƙara yawan man a huta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka sani gaskiya ne a kan janaretanka, domin mai ɗaya ne ke zagaya ko'ina, ya fantsama jikin silif ya koma ƙasa. Babban injin jirgi mai bugu biyu, irin ƙirar MAN B&W ko WinGD, ba haka yake ba. An raba silinda da ɗakin kirankishaf, wato sandar da fistin ke juyawa, kuma silinda tana da nata man na daban. Ana tsarta shi kaɗan-kaɗan ta wasu ƙananan ramuka a jikin silif, wajen giram ɗaya ko ƙasa da haka a kan kowane kilowat a awa, kuma wanda ya shiga ba ya komawa tanki. Saboda haka tanki na iya zama cike fal alhali rami ɗaya ya toshe, ko ana tsarta man a lokacin da zoben fistin ba ya wurin da zai kwashe shi ya shafe bango.

Can saman silif ɓarnar ta fi yawa. A nan fistin ke tsayawa ya juyo, zafi da matsi sun kai maƙura, man kuma ya zama siriri. Da zarar ya yanke, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, zobe ya riƙa mannewa yana yagar silif. Wannan cikin 'yan awoyi yana iya cinye abin da ya kamata a yi shekaru ana ci.

Amma man silinda ba santsi kaɗai ne aikinsa ba. Man da jirgi ke ƙonawa yana ɗauke da farar wuta, wadda in ta ƙone ta haɗu da laima a bangon da bai yi zafi sosai ba, sai ta zama asid mai cin ƙarfe. An zuba wa man silinda sinadarin kashe asid, ana auna ƙarfinsa da lambar BN. Matsalar ta yi ƙamari bayan 2008, da jirage suka koma tafiya a hankali don tsimin mai, silif ya riƙa yin sanyi. Sai ga shi daga 1 ga Janairu 2020 hukumar IMO mai kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya ta rage farar wutar da aka yarda da ita a man ƙonawa daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5. Jirgin da ke ƙona mai mai farar wuta da yawa yana son BN 70 zuwa 100, wanda ke ƙona mai ƙarancin farar wuta kuwa galibi BN 40 ne.

Nan ne shawararka ta ƙara mai ke iya janyo ɓarna. Gishiri ma in ya yi yawa ɓata miya yake. Sinadarin da bai samu asid ɗin da zai kashe ba yana daskarewa a kan fistin ya zama farar toka mai tauri, ta riƙa goge silif har ya yi sumul kamar yadda ba a so, man ya rasa inda zai maƙale. Ga asarar kuɗi, ga kuma haɗarin gobara a ɗakin iskar da ke ƙarƙashin fistin in mai ya taru.

Akwai kuma abin da ake ɗora wa mai laifinsa alhali ba nasa ba ne. Ƙananan ƙwayoyin alminiyum da silikon da ke biyo man ƙonawa daga matata suna karce silif in na'urar tacewa ba ta aiki daidai. Sannan ku ƙurar hunturu ce abokiyar gabarku a Sharada, su kuwa a gaɓar Legas laima ce: ruwan da ke taruwa a na'urar sanyaya iska, in magudanarsa ta toshe, yana shiga silinda ya wanke man.

Ka ce wa ƙanenka su ɗebi man da ke zubowa ƙarƙashin kowane fistin a gwada shi. Ƙarfe da yawa tare da BN da ya faɗi ƙasa, asid ne, a nan ƙarin mai ko mai ƙarfin BN zai yi amfani. Ƙarfe da yawa alhali BN na nan daram, karcewa ce, a nemi dalilinta a wani wurin. Su leƙa zobba ta ƙofofin iska, su kuma auna faɗin silif da maikuromita, ma'aunin da ke gano ɗan ƙaramin bambanci, a kwatanta da awon baya. Cin da bai wuce milimita 0.1 a awa 1,000 ba lafiya ne. In sabon silif suka sa, shi kam ana ƙara masa mai da farko, a riƙa ragewa a hankali yadda littafin kamfanin injin ya tsara.