An kore ni daga aiki saboda sikila, ina da hakki?

Tambaya: Shekara uku ina riƙe da kuɗi a wani babban kanti a nan Maradi. Ina da amosanin jini, wato sikila. Da ciwon ya tashi na kwana biyar a asibiti. Ina dawowa maigida ya ce ba ya iya aiki da mai ciwo, ya sa wata a wurina. Mutane suna ce mini in yi haƙuri. Doka ta ce wani abu a kan wannan?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Doka ta ce, kuma ta kira cutarki da sunanta. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, a mataki na 5, ta hana mai ba da aiki ya dubi jinsi, shekaru, addini, asali, naƙasa, ƙanjamau ko sikila wajen ɗaukar ma'aikaci, biyansa, ƙara masa girma ko sallamarsa. Ƙasashe kaɗan ne suka ambaci sikila ƙarara a dokarsu, amma abin takaici ma'aikata da yawa ba su san da wannan layin ba. Nijar ta kuma amince da yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta wariya a wurin aiki.

Inda gizo ke saƙa shi ne hujja. Da maigidan ya ji an ambaci hukuma, zai ce ai ba ciwo ba ne, makara kike yi. Don haka tun yau ki tattara takardar da likita ya ba ki mai ɗauke da ranakun kwanciyarki, da takardun albashi in akwai, da duk saƙon WhatsApp da ya aiko miki, musamman na murya. Kada ki goge ko ɗaya. In wani ya ji lokacin da ya faɗi maganar, ki roƙe shi ya tsaya miki shaida. Rashin kwantiragi a rubuce bai kashe hakkinki ba; shekara uku kina karɓar albashi, wannan ma yarjejeniya ce.

Ki fara da ofishin sufeton ƙwadago na jihar Maradi. Zai kira ku ku biyu ya nemi sulhu. In an kasa daidaitawa, sai kotun ƙwadago, kuma shigar da ƙara a can kyauta ne. Kina iya neman diyyar kora ba bisa ƙa'ida ba, ban da sauran haƙƙoƙinki na sallama.

Abu ɗaya nake roƙonki: in maigidan ya miƙo miki takarda da 'yan kuɗi ya ce sa hannu, kada ki sa sai sufeto ya karanta.