Amsa ga mai tambaya kan suspend a Kotlin: fankshin ɗin ba ya jira, fita yake yi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na so in wuce tambayarka saboda tsawon abin da zan rubuta, amma na kasa, don irin ruɗanin da na sha ne sak. Ka ce ka saka suspend, kalmar da yaren Kotlin ke yi wa fankshin mai iya dakatawa alama da ita, a kan fankshin ɗinka amma manhajar ba ta daina daskarewa ba. Ka ce ka rasa yadda kod ke tsayawa a kan delay sannan ya ci gaba daga layin ƙasa ba tare da ya riƙe zare (thread, layin aikin da kod ke gudana a kai) ba, ga kuma dibaga, abin bin kod layi-layi don gano kuskure, tana ce maka an cire wani bariyabul da kake gani da idonka a rubuce. Na ga an amsa maka da cewa korutin, wato aikin da ke iya dakatawa ya ci gaba daga baya, ƙaramin zare ne kawai. Don Allah ka ajiye wannan maganar gefe, ita ce ta daɗe tana ɓatar da ni.

Fankshin mai suspend ba ya jiran komai. Idan ya iso inda zai dakata, fita yake yi gaba ɗaya, ya saki zaren, daga baya a sake kiransa tun daga sama, sai ya tsallake zuwa inda ya tsaya. JVM, wato injin da ke gudanar da kod ɗin, ba ta san wani abu wai shi suspend ba, duk aikin kamfaila ne, mai fassara kod ɗinka zuwa abin da injin ke ganewa. Ba sai ka yarda da ni ba: a Android Studio ka shiga Tools, Kotlin, Show Kotlin Bytecode, ka danna Decompile. Abu na farko da za ka gani, an ƙara wa fankshin ɗinka wani abin karɓa a ƙarshe wanda ba kai ka rubuta ba, mai suna Continuation. Na biyu, ko da ka ce String zai dawo da shi, yanzu Object yake dawowa da shi. Dalili kuwa amsa iri biyu gare shi: ko ainihin sakamakon, ko wata alama mai suna COROUTINE_SUSPENDED da ke nufin "ban gama ba, ku tafi, za a neme ku".

A cikin fankshin ɗin kamfaila ya ƙera wani ɗan aji na ɓoye. Akwai label a ciki, lamba ce da ke farawa daga 0. Akwai result. Sannan ga su L$0, L$1, I$0, waɗannan su ne bariyabul ɗinka da za a buƙata bayan an dawo. Jikin kod ɗinka kuma an yayyanka shi a kowane wurin dakatawa an zuba cikin switch a kan label. Kafin a kira delay sai a mai da label 1, a kwashe abin da za a buƙata a zuba a L$0, a yi kiran. In amsar COROUTINE_SUSPENDED ce, nan take a yi return. Kamar mutum ne ya naɗe gefen shafi ya rufe littafi ya miƙa wa wani kujerar. Lokaci na cika sai a kira resumeWith, shi ya kira invokeSuspend, shi kuma ya sake shiga fankshin ɗinka da wannan ɗan ajin a hannu, switch ya ga 1, ya ɗebo L$0 ya ci gaba. In kuma abin da aka kira yana da amsa a shirye, ba a fita ko kaɗan, wucewa kawai ake yi. Shi ya sa ba kowane kiran suspend ne ke dakatawa ba.

To ka ga matsalarka ta farko ta warware kanta. Kalmar suspend ba ta ɗauke aiki daga babban zare, wato wanda ke kula da fuskar manhaja. In a cikin fankshin ɗin kana karanta fayil ko kana kiran saba da laburaren da ke toshe zare, ko ka saka Thread.sleep, babu wurin da kamfaila zai yanka, don haka babu return, zaren na nan a hannunka har ka gama. Android kuwa in mutum ya taɓa fuskar waya aka yi kamar daƙiƙa 5 ba amsa, sai ta fito da saƙon nan na manhaja ba ta amsawa. Ka naɗe wannan ɓangaren cikin withContext da Dispatchers.IO, in lissafi ne mai nauyi ka ba Dispatchers.Default.

Amma ka duba wani abu kafin nan, don ni abin da ya ci ni ke nan, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. A wani wurin da na yi aiki, shugaban tawagarmu ya rubuta wani fankshin na sake gwadawa wanda dole kowa ya bi ta cikinsa. While true ne, a ciki try, a ciki delay da kiran saba, sai catch da ke kama Exception kowace iri ya rubuta a log ya koma sama. Ni na yi shafin da ke amfani da shi. Aka saki manhaja, mutane suka fara kuka cewa da zarar sun fita daga shafin sai waya ta daskare ta ɗau zafi. Rahoton da ya zo sunan ajina ne a jiki da invokeSuspend a gefensa, saboda lamda ɗin da na miƙa masa a fayil ɗina take. Mutumin nan bai buɗe kod ɗinsa ba ko sau ɗaya. A taron safe, gaban kowa har da waɗanda suka zo koyon aiki, ya haska rahoton a bango ya ce wanda bai iya korutin ba ya koma ya koyi abin da ya fi ƙarfinsa tukuna. Ba wanda ya ce uffan. Na buɗe baki zan yi magana ya ɗaga min hannu. Wallahi ranar ko abincin rana ban iya ci ba, na zauna ina kallon kod ɗin da na san lafiyarsa ƙalau ina neman laifin da babu. Har na fara rubuta takardar ajiye aiki.

Da dare na buɗe baitkod ɗin fankshin ɗinsa, a nan na gani. Soke korutin ba kashe shi ba ne, ba wanda ke da ikon fizge shi. Abin da ake yi, a sake shigar da shi da CancellationException, wato kuskuren da ke nuna an soke aiki, a cikin result, layin farko bayan dawowa ya jefa ta, ta yi ta hawa har aikin ya mutu. Catch ɗinsa ya haɗiye ta. Aka koma sama, aka kira delay, shi kuma delay a cikin aikin da aka riga aka soke ba ya dakatawa, nan take yake sake jefa ta. A sake haɗiyewa. Zagaye ba hutu, ba return, a kan babban zare. Na kai masa da safe da hujja a hannu. Ya gyara a ɓoye, ya saka saƙon kwamit wai ƙananan gyare-gyare, bai ce min komai ba, bai kuma janye maganarsa a gaban waɗanda ya faɗa ba. Wannan shirun ya fi zagin ciwo. Ban daɗe ba na bar wurin.

Don haka ka bincika duk catch da ke kod ɗinka, har da runCatching, shi ma yana haɗiye ta. In ka kama CancellationException ka sake jefa ta. In kana da dogon zagaye na lissafi ka riƙa kiran ensureActive ko yield a ciki, in ba haka ba sokewa ba za ta same shi ba. Kuma in wani babba ya ɗora maka laifi da rahoton da sunanka ke jiki, kada ka karɓa sai ka karanta. Jerin kiran da ke cikin rahoton korutin yakan zo a gutsure, don waɗanda suka kira ka sun riga sun yi return tuntuni, abin da ya rage sarƙar Continuation ce, kowanne na riƙe da na samansa.

Batun dibaga kuma, ba ta lalace ba. Kamfaila na ajiye bariyabul ne kawai in za a yi amfani da shi bayan wurin dakatawa. Wanda aikinsa ya ƙare ba a riƙe shi, don kada ya tare ma'ajiya a banza, shi ne kake ganin was optimised out. Tun Kotlin 1.8.0 akwai zaɓin -Xdebug da ke kashe wannan, amma na gwaji ne kawai, kada ka saki manhaja da shi. Ka juya maganar kuma: babban hoto da ka riƙe kafin dogon delay kana so ka yi amfani da shi bayansa, yana nan zaune a L$0 duk tsawon jiran. Sannan kada ka yi mamaki in kamfaila ya ƙi barinka ka dakata a cikin synchronized, kullen da ke hana zare biyu shiga wuri ɗaya lokaci guda. Zaren da ya kulle ba lalle ne shi zai dawo ya buɗe ba, Mutex, makullin da aka yi don korutin, za ka nema. ThreadLocal, ma'ajiyar da ke manne da zare ɗaya, ma kada ka dogara da ita, don zaren na iya canzawa bayan dakatawa.

Ni abin da ke ba ni sha'awa, ba Kotlin kaɗai ke wannan dabarar ba. Korutin ɗinta sun tabbata ne a 1.3 a 2018, alhali C# tun 2012 take yanka fankshin haka da MoveNext ɗinta, Rust ma ta bi a 2019. Go da Java 21 hanyarsu daban, kowane aiki da tarin kiransa ake ajiyewa, shi ya sa ba sa buƙatar a yi wa fankshin alama. Ita kanta fikirar ta girme mu duka, Melvin Conway ya yi bayaninta a rubuce tun 1963. Na fi son ta Kotlin duk da wahalarta, don komai a fili yake ga mai son dubawa.

Ka liƙo mana fankshin ɗin da ke daskarewa tare da wurin da kake kiran launch, ka goge adireshin saba da makullai kafin ka saka. Ka haɗo da abin da Decompile ya ba ka in za ka iya, ko da ya yi tsawo. In sha Allah zan duba bayan na tashi daga aiki.