Shin rantsar da sabon shugaban ƙasa na iya haɗa kan jama'ar da siyasa ta raba?

Malam, ka ce ka kalli bikin rantsarwa har ƙwalla ta zo maka, kana tambaya ko wannan fata zai ɗore. Ni a ganina fatan na gaskiya ne, amma bikin shi kaɗai ba ya ɗinke ɓaraka.

Dubi Amurka. Ranar 20 ga Janairu 2009 fiye da mutum miliyan ɗaya suka yi dafifi a Washington cikin tsananin sanyi don ganin an rantsar da Barack Obama, baƙar fata na farko a kujerar. Ko wata guda ba a yi ba, dokarsa ta farfaɗo da tattalin arziki ta wuce majalisar wakilai ba tare da ƙuri'ar ɗan jam'iyyar adawa ta Republican ko ɗaya ba. A zaɓen 2010 jam'iyyarsa ta rasa kujeru 63 a majalisar. Abin ya dame ni sosai a lokacin, domin na sa rai ƙwarai.

Nelson Mandela na Afirka ta Kudu ne ya fi ba ni ƙwarin gwiwa. Da aka rantsar da shi ranar 10 ga Mayu 1994, de Klerk, shugaba farar fata da Mandela ya karɓi mulki daga hannunsa, ya zama ɗaya daga cikin mataimakansa biyu a gwamnatin haɗin kan ƙasa. Jam'iyyar de Klerk ta fice a 1996, amma waɗannan shekaru biyu sun kwantar da hankalin mutane da yawa.

Saboda haka ka zuba ido kan waɗanda sabon shugaban zai naɗa ministoci, da yadda zai bi da 'yan adawa a kasafin kuɗinsa na farko.