Ƙanwata, a nan ba a kulle ƙofar aji

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, kuma na ji daɗi da kika tambayi wani abu ban da biza da albashi. Kin ce shekararki shida kina koyar da lissafi a sakandare, kina neman zuwa nan Ingila, ko dai ki yi kwas ɗin PGCE, wato horon koyarwa na bayan digiri, ko ki nemi aiki kai tsaye. Duk tallar aikin da kika buɗe kuma sai kin ga ana neman malamin da zai iya aiki tare da 'yan uwansa malamai, wasu makarantun har suna kiran kansu zauren da malamai ke koyo daga juna. Kika ce anya ba mitin ɗin malamai ba ne kawai aka saka wa babbar riga?

A wasu makarantun, e, shi ne. A inda ake yin abin da gaske kuwa, babu abin da ya ba ni wuya kamarsa a shekarata ta farko. Ya fi sanyi, ya fi saurin Turancin yara.

Bari in ba ki labarin ranar da na gane. Mu shida ne a sashen lissafi. Duk azuzuwan aji bakwai, wato yara 'yan shekara 11 zuwa 12, sun yi gwaji iri ɗaya a mako ɗaya, da tambayoyin da muka zauna muka tsara tare. Bayan an tashi, shugabar sashe ta ce kowa ya zo da takardun yaransa. Ni na ɗauka maki za a karɓa a shigar a kwamfuta, kowa ya kama gabansa. Sai na ga an baza takardu a tebur ana bin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan tara rabi da sulusi, yarana da yawa sun rubuta 2/5: sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. A ajin maƙwabcina kuwa kusan kowa ya samu 5/6. Ƙanwata, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kame, wai yaran nawa ba su da tushe, alhali a wannan shekarar ba a ware yaran bisa ƙoƙari ba, kowa irin abin da ke hannuna ne a hannunsa.

Shugabar ba ta yi musu da ni ba. Ta juya wurin abokin aikina ta ce, kai me ka yi da su? Ya ce kafin ya koya musu daidaita lambobin ƙasa, sai da ya zana sanda a allo ya raba ta gida shida. Duk yaron da ya kawo masa 2/5 kuma sai ya tambaye shi, 2/5 ya kai rabi? Yaro ya duba ya ce bai kai ba. To ta yaya ka ƙara wa rabi wani abu sannan ya ragu? Shi ke nan dabarar. Washegari shugabar ta riƙe min ajina na minti ashirin, na je na zauna a bayan ajinsa ina kallo. Bayan mako biyu shi ma ya zo nawa, saboda a wata tambayar yarana ne suka fi nasa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya saba da cewa da zarar ya ja ƙofar aji shi ne sarki, wannan rayuwar za ta yi masa nauyi. Kuma kada ki ɗauka sabon wata ƙasa ɗaya ne: tun 1975 wani masanin zamantakewa na Amurka, Dan Lortie, ya kwatanta makaranta da kiret ɗin ƙwai, kowane malami a raminsa, ba mai taɓa wani.

Sunan nan na zauren da malamai ke koyo daga juna, da kike gani a tallar, daga Amurka ya yaɗu. Richard DuFour, wanda ya shugabanci sakandaren Adlai Stevenson a jihar Illinois, yana cikin waɗanda suka fi tallata shi daga ƙarshen shekarun 1990. Ya tattara aikin a kan tambayoyi huɗu da malaman darasi ɗaya za su riƙa yi wa kansu: me muke so yaran nan su koya, ta yaya za mu san sun koya, me za mu yi wa wanda bai gane ba, me kuma za mu yi wa wanda ya riga ya iya. Ki lura babu inda aka tambayi ko malami ya gama manhaja. Ni dai da wannan nake auna kowane zama: idan babu aikin yaro ko ɗaya a kan tebur, taron tsintsiya ne babu shara.

Sai batun lokaci, don zance ba ya yiwuwa idan jadawali bai ba da fili ba. A makarantun gwamnati da ke bin yarjejeniyar aikin malamai ta ƙasa, shekarar aiki kwana 195 ce, 190 da yara, biyar kuma na horon malamai da ake kira INSET. Kenneth Baker ne ya shigo da su a 1988 lokacin yana ministan ilimi, har yanzu tsofaffin malamai na kiran su ranakun Baker. Awa 1,265 ne shugaban makaranta ke da ikon tsara miki a shekara, kuma zaman sashe a ciki yake. Tun Satumbar 2005 ana ware wa malami aƙalla kashi 10 cikin 100 na lokacin koyarwarsa don shirya darasi da duba aikin yara. Amma a kula: wannan lokacin naki ne ke kaɗai, ba dole ya zo daidai da na abokan sashenki ba. Makarantun da ake kira akadami kuma, waɗanda gwamnati ke ba kuɗi amma suke tafiyar da kansu, ba dole ne su bi wannan yarjejeniyar ba, su ne kuma mafi yawan sakandare yanzu, don haka ki karanta takardar ɗaukar aiki da kyau.

Ba zan ɓoye miki ba, na ga lalatacciyar sigar abin. Na yi aiki a wata makaranta inda zaman sashe ya koma cike fom da kallon jadawalin maki mai launin ja da kore, ana shiri don zuwan sufetocin Ofsted, hukumar da ke duba makarantu. Kowa na duba agogo. Wani masanin harkar ilimi, Andy Hargreaves, ya daɗe da ba wa wannan suna, ma'anarsa zumuncin dole. Akwai kuma inda ake turo darasi a shirye daga hedkwatar rukunin makarantun, allo bayan allo, a ce miki wannan shi ne aiki tare. Yana rage wahalar dare, ban musa ba, kuma sabon malami yana amfana. Sai dai idan ba ki da bakin canza ko layi ɗaya bayan kin ga yaranki ba su gane ba, umarni aka ba ki, ba shawara aka yi da ke ba.

Za ki ji ana yawan ambaton Japan da Shanghai, musamman ke mai lissafi. A Japan malamai kan shafe makonni suna tsara darasi guda, ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a cikin ajin suna kallon abin da yara ke rubutawa, sannan a zauna a tattauna. Sun gaji wannan tun ƙarni na 19. A 2014 Ingila ta kafa cibiyoyin lissafi da ake kira Maths Hubs, ta kuma fara musayar malamai da Shanghai. Amma da gidauniyar Education Endowment Foundation ta gwada salon Japan ɗin a makarantun firamare na nan, rahoton 2017 bai nuna makin yara ya ƙaru ba. A ganina an ɗauko tsarin ne aka bar haƙurin da ke ƙarƙashinsa, domin abin da mutane suka yi fiye da shekara ɗari suna sabawa da shi ba ya kama ƙasa a zango biyu.

Game da hanyar shigowarki: idan kika yi PGCE kika samu QTS, wato shaidar cancantar koyarwa, a nan, za ki shiga shekara biyu na sabon malami, tsarin da ya fara a Satumbar 2021. Ana rage miki kashi 10 na azuzuwa a shekarar farko, kashi 5 a ta biyu, a haɗa ki da gogaggen malami da za ku riƙa zama. Wanda ya shigo da gogewarsa kuwa sau da yawa kallon gwani ake yi masa, a miƙa masa jadawali cikakke. Idan ta nan kika biyo, ki buɗe baki ki nemi wanda zai riƙe hannunki a zangon farko. Ba gazawa ba ce a idonsu.

Abubuwa biyu sun ci ni, kada su ci ki. Na farko, shiru. Na shafe watanni ina zaune a mitin ban ce uffan ba, don ina ganin rashin kunya ne in tsoma baki gaban waɗanda suka girme ni a aiki. Su kuwa sun ɗauka ba ni da abin faɗa, har sai da shugabar ta kira ni gefe. Na biyu, gyaran Bature a lulluɓe yake zuwa. Idan wanda ya kalli darasinki ya ce, ko kin taɓa tunanin gwada kaza, ba tambaya yake yi ba, cewa yake ki canza. Kuma kafin kowa ya shigo ajinki da littafin rubutu, ki tambaya ko kallon na taimako ne ko na auna aiki wanda zai shiga fayil ɗinki. Makarantar kirki tana raba su.

Ranar intabiyu kusan koyaushe za a ba ki aji ki koyar ana kallo, sannan a tambaye ki yaya kika ga darasin. Kada ki ce komai ya tafi daidai. Ki faɗi inda yara suka rikice da abin da za ki sauya gobe, wannan suke son ji. In an ce ko kina da tambaya, ki ce yaushe sashen lissafi ke zama, kuma me suka canza a koyarwarsu sakamakon zaman da ya wuce. Idan suka tsaya kallon juna, kin samu amsarki.

Ki turo min darasin da kike tunanin yi a intabiyun, in duba miki kafin ranar Lahadi. A gaida mutanen gida.