Sabuwa a kwali ko ta hannu? Kwamfutar ɗan sakandare mai son rubuta manhaja

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana SS1, ya matsa min sai na saya masa laftof, wai zai koyi rubuta manhaja. Na leƙa Beirut Road, wani mai shago ya nuna min sabuwa dal a kwali mai RAM 4GB, wani kuma ya nuna min 'yar Beljiyam mai 8GB, kuɗinsu kusan ɗaya. Wacce zan ɗauka? Daga wani mahaifi a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ɗauki ta hannun, amma ka bincike ta tukuna. Sababbin nan masu araha galibi Celeron ne a cikinsu, wato injin Intel mai ƙaramin ƙarfi, ga ma'adana 'yar mitsitsiya wadda Windows kaɗai ke cinye rabinta. Ana buɗe shafi uku ko huɗu sai ta fara tafiyar hawainiya, yaro ya gaji ya koma kan waya. Irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook kuwa don ma'aikatan ofis aka ƙera su, suna da juriya, kayan gyaransu kuma ba sa wuyar samu.

Fara tambaya ko SSD ne a ciki, wato ma'adana mai sauri wadda ba ta juyawa. Idan tsohon faifai mai juyawa ne, a sauya shi kafin ka biya. Sannan duba lambar injin. Idan ka ga i5-8250U, wannan 8 ɗin da ke bayan ɗan layi shi ne zubi na takwas, kuma daga nan ne Windows 11 ta fara karɓar injinan Intel a hukumance. Abin lura ne, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. In aljihu bai kai nan ba, tsohuwa ma za ta yi, sai a ɗora mata Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce.

Batir shi ne inda aka fi cutar mutane, ga halin wutarmu. Zare caja a shagon, ka zauna ku yi hira na rabin awa kana kallon yadda yake sauka. Ko a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, zai fito da ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa yanzu. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji, yi masa sallama ka ƙara gaba.

Kada ka manta da kibod. Wanda aka yi don Beljiyam ko Faransa da haruffan AZERTY yake farawa, na Jamus da QWERTZ, alhali wanda yaro zai tarar a makaranta da zauren JAMB QWERTY ne. Mai rubuta manhaja kullum hannunsa na kan baka-biyu da ɗigo-biyu, to a danna kowane maɓalli a tabbatar yana aiki. A kuma tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ta buɗe. In yaron ya ce sai irin mai fitilu kala-kala ɗin nan, Malam, wasa yake so ya buga, Python, yaren rubuta manhaja, ba ta buƙatarta.

Tambaya: Ni 'yar SS2 ce, ba mu da halin sayen kwamfuta, sai wayar Android ta mamana. Akwai wata cibiya a unguwarmu da ke ba da satifiket bayan wata uku. In roƙi Baba ya biya? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: 'Yata, kafin ki ɗora wa Baba nauyi, je ki tambaye su abin da suke koyarwa mako-mako. In Word da Excel da CorelDraw ne, abu ne mai amfani, amma ba shi kike nema ba. Ki kuma ƙirga ɗalibai nawa ke zama a kan kwamfuta ɗaya. Ni da zan zaɓa miki, ki sauke Pydroid 3, manhajar rubuta Python, a wayar Mama, ki sayi kibod mai araha da ɗan mahaɗin OTG da zai haɗa shi da wayar. Da zarar ta sauka, ba ta buƙatar data don gwada abin da kika rubuta. Fara da ɗan shirin da zai karɓi makin darussanki ya fitar da matsakaici.

Tambaya: Malaminmu BASIC yake koya mana, yayana kuma ya ce ɓata lokaci ne, in kama Python. Wa zan bi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Bi su duka biyun, ɗana. BASIC tsohon yare ne, tun 1964 aka ƙirƙiro shi a kwalejin Dartmouth ta Amurka, kuma da wuya ka ci abinci da shi yau. Amma in shi ke cikin tsarin karatun jarrabawarku, dole ka iya shi. Abin da malam yake cusa muku ta cikinsa, wato tsara matakai, gindaya sharaɗi da maimaita umarni, shi ne za ka tarar a Python, wadda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Duk aikin da aka ba ku a aji, in ka koma gida sake rubuta shi da Python. In za ka sayi littafi, duba ka ga Python 3 ce; ta 2 an yi bankwana da ita tun farkon 2020, amma littattafanta na nan jibge wajen 'yan gwanjo.

Sai abin da ba ka tambaya ba. In kimiyyar kwamfuta kake hari a jami'a, irin su ABU da ke kusa da kai, kiredit a Lissafi da Turanci da Fiziks za a fara dubawa, ba yawan yarukan da ka iya ba. Saboda haka kada ka saci lokacin Lissafi ka ba kwamfuta. In makarantarku na da Further Maths, shiga.