Abokin takarata ya ce in ya ci zai ba kowa katin sana'a, in yi irin alƙawarin ko in janye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni asistan sosiyal ce, wato ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, a Marwa ta ƙasar Kamaru, ƙungiyarmu ta ma'aikatan jin daɗin jama'a za ta zaɓi sabon biro, wato sabbin shugabanni, kuma abokan aiki sun matsa min in tsaya shugaba. Damuwata wanda zan kara da shi yana yawo yana cewa in ya ci zai buga wa kowa katin sana'a har 'yan sa-kai da ba su yi karatun ba, wai da katin nan mutum zai iya buɗe gidan marayu ko ya riƙe dosiyen yara. Mutane sun fara komawa bayansa. Wlh barci ya gagare ni.

AMSA: Wa alaikumussalam 'yata. Kar ki janye, kuma kar ki yi alƙawarin nan ko da wasa, don abin da yake rabawa ba nashi ba ne.

Ƙungiyarku tana tsaye ne a kan doka 90/053 ta 19 ga Disamba 1990, an kai takardu ofishin perfe an karɓi resefise, wato takardar shaidar an yi rajistar ƙungiya, kai dokar ma ta ce in perfe ya yi shiru wata 2 to ya amince kenan. Toh takardar da shirun mutum ma yake iya haifarwa, ta yaya za ta zama lasin taɓa rayuwar yaro? Resefise dama ce ta ku taru ku karɓi kuɗin wata ku yi magana da murya ɗaya, iyakarta kenan. Gidan marayu kuwa izininsa a hannun MINAS yake, wato ma'aikatar jin daɗin jama'a, ba a aljihun shugaban wata ƙungiya ba. Likitoci da kike gani suna da ordir ɗinsu, wato majalisar da ke kula da sana'arsu, doka ce ta ba ta ikon rubuta suna da soke suna. Maƙwabtanmu Najeriya ma sai a 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar kula da wannan sana'a. Ƙungiya tana kare ma'aikaci, hukumar lasin kuma tana kare talaka ne daga ma'aikacin, duk mai neman kujera da bai san wannan bambancin ba gaskia ni tsoro yake ba ni.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne tunanin da ke ƙarƙashin maganar tashi, wanda kullum sai na ci karo da shi daga Garwa har Kuseri, wai aikin nan tausayi ne kawai, duk mai zuciya mai kyau ya iya. Ƙarya ne wallahi. Tun da rikicin Boko Haram ya cika mana Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari da 'yan gudun hijira, aka buɗe sansanin Minawao a 2013, ONG, wato ƙungiyoyin agaji masu zaman kansu, suka yi yawa, sai kowa ya samu horon kwana uku da riga mai tambari ya zama ƙwararre. Sai ki ga an ɗauki hoton yarinyar da aka yi wa fyaɗe an sa a Facebook da sunan unguwarsu wai neman taimako ake, an gama da ita kenan har abada a garin. Ko a tara iyaye a zaure a karɓi 'yan jakunkuna daga wanda ya yi ɓarnar a ce an yi sulhu, ba asibiti ba jandarma, shi kuma ya koma kan wata. Ko a ɗauke yaro daga hannun kakarsa don an ga gidan ba abinci, ba wanda ya yi binciken gida, ba wanda ya tambayi ina dangin uba, alhali buhun gero da takardar haihuwa ne kawai matsalar. Duk waɗannan masu tausayi ne fa, ba mugaye ba, shi ya sa abin ya fi haɗari don ba mai zarginsu.

In kina ganin na cika baki ki tuna Abeshe ta ƙasar Cadi, Oktoban 2007. Turawan Faransa na ƙungiyar Arche de Zoé aka kama suna shirin saka yara 103 a jirgi wai marayun Darfur ne, da aka bincika yawancinsu 'yan Cadi ne kuma da iyayensu a raye. Kotu a Njamena ta yanke wa mutum 6 shekara 8 kowanne. Su ma ai ceto suka ce sun zo yi, kuma su ma suna da takardun ƙungiya.

Kar ki ji wannan ki je ki raina 'yan sa-kai, in babu su aikin ba ya tafiya, su suka san wane gida ake shirin aurar da 'yar shekara 13, su suke jin Fulatanci da Mafa da Kanuri da Larabcin Shuwa da wasunmu ba sa ji. Ki je musu da abin da za ki iya cikawa. Kati kala biyu, na mai diflom daban na mataimaki daban, a rubuta a jiki ɓaro-ɓaro wane aiki mai shi zai iya da wanda dole ya miƙa wa santir sosiyal, wato ofishin jin daɗin jama'a na gwamnati. Ki yi musu alƙawarin horo na gaske da wanda zai riƙa duba aikinsu, da kwamitin karɓar ƙorafi da uwa za ta iya zuwa ta kai ƙarar ɗayanku ba tare da an ce mata ai namu ne ba.

Kafin ki ajiye takardar takara ki karanta sitati ɗinku, wato dokokin ƙungiyarku, layi-layi, wa ke da ƙuri'a, wanda bai biya kuɗin wata ba yana zaɓe ko a'a, wa'adi shekara nawa, don a nan ake murɗe zaɓen ƙungiya. In kina da ONG taki ki faɗa a gaban taro tun yanzu. Ki kuma leƙa wajen delege na MINAS ki gaishe shi ki sanar da shi, na san halin ofis, dosiye zai tafi Yawunde ya kwanta har ki manta kin rubuta, amma haka za ki yi ta bi in kuna son wata rana a yi muku dokar da za ta tsare sana'ar nan.

Ranar muhawara kuma ki tambaye shi a gaban kowa, in mai katin nan ya ɓatar da yaron wani, wa zai tsaya gaban alƙali, shi ko mai katin? Ki bar shi ya amsa. Allah ya ba ki sa'a 'yata.